Kyamarar Jannat da Saniyar Dada

Birnin Kudu,
4 ga Satumba

Adda Hapsatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Kawu Maikano, ki kuma durƙusa mini ki gaida Dada. Yaya ƙafar tata? Da na zo muku bara na bar ta tana dogara sanda. Mu nan lafiya lau, sai zazzaɓin damina da ya kwantar da Baba kwana biyu, ya kuma miƙe. Na nemi lambar Kawu har na gaji. Na san halin rugarku, sai mutum ya hau dutse kafin waya ta kama, shi ya sa na koma wa biro da takarda. Ashiru direba zan ba ya miƙo miki.

Adda, na sayi kyamara. Ba irin ta waya ba, babbar nan baƙa ta masu hoton biki, wadda ake kwance mata gilashin gaba a ɗaura wani. Shekara biyu abin nan yana raina. Ranar Asabar na je Kano tare da Oga Bernard, mai shagon hoto da ke kusa da makarantar da nake koyarwa, don shi ya san mai kyau da marar kyau. Sabuwa ce fil a kwalinta. Tun daga Kano har gida kwalin yana kan cinyata na rungume shi, har wata tsohuwa da ke gefena a mota ta tambaye ni ko ƙwai na sayo.

Abin da ya fara ba ni mamaki nauyinta. Ina ganinta a hannun mutane kamar ba komai, ashe in ta yi rabin awa a wuyanki sai kin ji a jikinki. Akwai ɗan rami a samanta da ake kara ido a leƙa. Da na fara leƙawa ban ga komai ba sai duhu, na ce shi ke nan an sayar mini da matacciya. Ashe murfin gilashin ne ban cire ba. Oga Bernard ya yi dariya har da riƙe ciki.

In kin danna maɓallin, wata ƙara take yi, ƙarab, har a tafin hannunki za ki ji ta. Ya ce wani ɗan madubi ne a cikinta yake ɗagawa ya koma. Ni dai ƙarar nan daɗi take mini, ranar farko na yi ta dannawa ba gaira ba dalili. Hotuna sun fi hamsin, yawancinsu dishi-dishi. Amma akwai guda uku da suka fito tsaf. Na ɗaya hannun Baba ne yana jan carbi a zaure. Kowace jijiya ta fito, har tabon da lauje ya yi masa tun yana saurayi, bangon da ke bayansa kuwa ya narke kamar an shafe shi da ruwa. Na biyu ruwan indararo ne. Ke kin san da ido igiya ɗaya ake gani tana zuba, to a hoton sai ga shi ɗigo-ɗigo a tsaye cikin iska kamar tsakiyar wuya da aka tsinka. Na uku idon kazarmu. Ban taɓa sanin kaza tana da gashin ido ba sai ranar.

Tana da nata wahalar. Maɓallanta sun yi yawa, littafinta kuma da ƙananan rubutun Turanci kamar ƙwayar gero. Batirinta sai ya sha caji sosai, ga wutarmu yadda take. Babban abin shi ne mutane. Da sun gan ta a hannuna sai su ƙame, su haɗe rai kamar za a yi musu hoton katin zaɓe. Burina in riƙa shiga cikin gida wajen mata ranar suna da biki, inda masu hoto maza ba sa shiga, amma Oga Bernard ya ce in fara koyo a kan abin da ba ya jin kunya.

Nan take na tuna Wule, saniyar nan ta Dada mai farar fuska da dogayen ƙaho. Bara na ga ana tatsarta da sassafe, rana ta fito ta bayan dutse ta haske mata gefe ɗaya, na yi ta kallo har fura ta huce a hannuna. Ina so in zo in ɗauki hotonta a daidai wannan lokacin. Ki tambayar mini Dada da Kawu ko sun yarda. Zan aiko miki da ranar.

Ƙanwarki,
Jannat


Birnin Kudu,
10 ga Satumba

Adda Hapsatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya. Na ga Khuzaima mai man shanu a kasuwa tana shirin komawa wajenku, na ce bari in yi sauri in ba ta wannan. Maganar nan dai, na tsayar da rana. Asabar 23 ga wata zan zo in ɗauki Wule, har da maraƙinta in zai yiwu. Ki roƙar mini Kawu a ware ta kada a fita da ita kiwo, don da sassafe nake so in gama. Oga Bernard ya ce in ta yi kyau yadda nake ba shi labari, a ƙofar shagonsa zai sa ta kowa ya gani. Na ƙosa ranar ta zo.

Jannat


Farin Dutse, Gwaram,
16 ga Satumba

Jannat,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafar Dada da sauƙi, amma kwana biyun nan ba ta cin abinci sosai.

Khuzaima ta kawo takardarki, na karanta wa Baffa, Kawunki Maikano, da Dada kamar yadda take, ban ƙara ba ban rage ba. Kin ce "maganar nan dai", mu kuwa ba mu san an taɓa yin wata magana ba. Amma mun gane.

Babu mai musun Wule taki ce. Ranar da aka kai mahaifiyarki Ummi ɗakin miji, Dada ta ba ta karsana, don ita ta riƙe ta tun tana rarrafe bayan rasuwar kakarki. Da aka haife ki, Ummi ta aiko ta ce a bar karsanar a garke, ta zama ta Jannat. Wule jikar wannan karsanar ce. Tun da Ummi ta rasu Baffa yake cewa zai zaunar da ke ya faɗa miki. Bara da kika zo ya yi niyya, sai ya ga kwana ɗaya za ki yi, ya ce ba ya so ki ɗauka korarki ake da saniya. Ashe kin sani.

Ba ɗaukar ce ta yi wa Baffa zafi ba. Abin da ya dame shi, magana irin wannan a aiko ta a guntuwar takarda ta hannun mai man shanu, kuma a ce wani mutum da ba mu sani ba zai ɗaure ta a ƙofar shago ana kallo. Tashi ya yi ya bar tuwonsa. Ni kuwa ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci. Kin san nonon Wule kaɗai Dada take sha, in an kawo na wata saniyar tana kurɓa take ganewa. Na so in rubuto miki maganganu da yawa, Dada ta hana. Abin da ta ce kawai: "A ba ta. Ummi ma haka take, in ta so abu ba ta iya jira."

Ba sai kin wahalar da kanki kin zo ba. Baffa ya ce ba za a ja saniyar nan daga ƙofar Dada tana kallo ba. Ranar Laraba da asuba zai kora ta da maraƙin zuwa bakin titi, ya nemi motar da za ta kawo miki su har Birnin Kudu, shi da kansa zai rako su. Ki tanadi inda za a ɗaure su, da dusa. Ba ta son ruwan da ya kwana a bokitin roba.

Hapsatu


Birnin Kudu,
17 ga Satumba

Adda Hapsatu,

A tsaye nake rubuta wannan a rumfar Khuzaima, a kan murfin bokitinta, ki yi haƙuri da rubutun. Ina gaida kowa.

Wallahi hoto nake nufi. Kyamara na saya, hoton Wule nake so in ɗauka, hoton ne Oga Bernard zai rataye a shagonsa. Duk na yi miki bayani a doguwar wasiƙar da na ba Ashiru direba tun farkon wata, ashe ba ta iso ba. Na je tasha yanzun nan nemansa, aka ce motarsa ta yi kwanaki a gareji, yau kuma ya yi hanyar Bauchi.

Ban san Wule tawa ce ba. Ban taɓa jin labarin karsanar nan ba sai a takardarki. Ummi ba ta faɗa mini ba, Baba ma da na kira shi yanzu ya ce shi ya manta da zancen. Sau uku na karanta wasiƙarki a nan, a wajen maganar Dada kuma na kasa riƙe hawaye, har Khuzaima ta zaci rasuwa aka yi.

Don Allah ki hana Kawu fitowa da saniyar nan. Ki faɗa wa Dada ko maraƙin ba zan taɓa ba. Khuzaima ta yi mini alkawarin gobe takardar nan za ta shiga hannunki.

Jannat


Farin Dutse, Gwaram,
20 ga Satumba

Ƙanwata Jannat,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, Dada ta cinye tuwonta yau har ta nemi ƙari. Ina rubutun nan ina dariya, in kin ga layi ya karkace ki san dalili.

Khuzaima ba ta zo ranar da ta ce miki ba. Ta tsaya Gwaram wajen 'yarta da ta haihu, takardarki tana cikin jakarta. Mu kuwa ba mu san komai ba. Jiya Dada ta sa aka kai ta garke, ta daɗe tana shafa wuyan Wule, ta dawo ta shige ɗaki. Yau da asuba Baffa ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya kora saniya da maraƙi ya kama hanya.

Sauran labarin daga bakinsa na ji. Ya isa bakin titi hantsi ya fara, ya tsaya yana jiran motar shanu. Sai ga wata bas ta wuce shi, ta taka birki, ta dawo da baya. Ashiru ne. Ganin Baffa ne ya tuna masa da wata takarda da ke aljihun motarsa tun kafin ta shiga gareji. Ya sauko yana ta ba da haƙuri. Kin san Baffa ba ya karanta boko. Da ya ji daga gare ki ne, ya ce ba zai ƙara taku ɗaya ba sai an karanta masa. Ashiru ya tsaya nan bakin titi ya buɗe ta, fasinjoji suka sassauko suka kewaye su.

Jannat, duk motar nan ta ji labarinki. Sun ji zancen ƙwai, sun ji zancen murfin da kika manta, wani dattijo ma ya ce shi bai yarda kaza tana da gashin ido ba. Baffa ya ce shi dai yana tsaye yana jiran a zo wajen saniya. Da Ashiru ya kai inda kika ce kina so ki ɗauki hotonta, sai Baffa ya sa aka maimaita masa. Aka maimaita. Ya dubi Wule, ya dubi rigarsa ta Juma'a, ya ce: "Ashe hoto ne." Ya ce bai san lokacin da ya zauna a kan dutsen bakin hanya ba, mutane suna ta dariya shi ma yana yi.

Kafin azahar muka ji kukan maraƙi a bayan gida. Dada ta fito ba sanda, ni na bi ta da ita a baya. Da yamma kuma sai ga Khuzaima da takardarki ta ƙarshe, tana haki wai saƙon gaggawa ta kawo.

Ki yafe mini abin da na rubuta, da wanda ban rubuta ba ma. Na karanta doguwar wasiƙar da kaina sau biyu. Da gaske ruwan indararo yana tsayawa a iska? Ina so in gani da idona. Ki zo ranar Juma'a da yamma ki kwana, don in kin taso Asabar ba za ki riski fitowar rana ba. Ki cika batirin tun daga can, nan ba inda za ki sa shi. Baffa ya ce zai wanke Wule, na ce masa ba amarya ba ce, ya ce ba ruwana.

Ashiru zai kawo miki wannan. Ya rantse ba za ta kwana a motarsa ba.

Addarki,
Hapsatu


Birnin Kudu,
1 ga Oktoba

Adda Hapsatu,

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya, ina fatan kun huta da gajiyar baƙuwa. Baba yana godiya da man shanun, ya ce a gaida Kawu. Ki gaida Dada, ki ce mata har yanzu ina jin ɗanɗanon kindirmon nan.

Ga hotuna guda tara a cikin ambulan, ki riƙe su ta gefe kada yatsa ya ɓata su. Abin da muka gani a ɗan allon bayan kyamarar ba komai ba ne, Adda. Da Oga Bernard ya buɗe su a kwamfutarsa, kan Wule ya cika allon gaba ɗaya. Raɓar da ke kan hancinta ana iya ƙirga ta. A cikin idonta kuwa, da ya ƙara jawo shi kusa, sai ga ni a tsugune da kyamara, ga ki a bayana da ƙwarya. Sai ya tambaye ni wa ya koya mini in zagaya in bar rana a gefe. Na ce masa Kawuna ne. Kin tuna ina ta fama fuskar Wule tana fitowa baƙa, Kawu ya ce in daina fuskantar rana, ai ko mai duba lafiyar saniya ba ya tsayawa ta nan.

Da yawa sun lalace. Duk na maraƙin babu na kirki, ko ɗaya bai tsaya ba, sai wutsiya da ƙafar baya. Na Kawu ya fito tsaf amma ya ƙame kamar soja. Na Dada da ta yarda aka yi mata guda ɗaya tak, shi ya fi kowanne, don ta juya tana yi wa akuya tsawa a daidai lokacin da na danna.

Akwai wanda kika ɗauke ni ina gwada tatsa, lokacin da Wule ta make ni da wutsiya. Ya karkace, kin kuma yanke mini rabin ɗankwali, Oga Bernard ya ce a bar shi kada a wanke. Na ce a wanke shi, aikin Addata ne na farko. Kin ga ke ma da kika kara idonki a ramin nan kin ƙi sakinta, sai da na ce batir zai ƙare.

Akwai abin da ba ki ji ba. Da Kawu ya rako ni bakin titi, ya tsayar da ni ya sake faɗa mini asalin Wule tun daga karsanar, da sunan kowace. Ya ce yanzu ya sauke nauyi, in faɗi abin da nake so a yi. Na ce a bar ta inda Ummi ta ce a bar ta, nononta na Dada ne. Ya ce to, amma duk shekara sai na zo na duba dukiyata da idona, ba ya karɓar takarda.

Matar shugaban makarantarmu ta ga hotunan, ta ce ranar sunan jikarta ni zan shiga cikin gida in yi musu. Aikina na farko ke nan. Ki sa ni a addu'a kada in manta murfi.

Ƙanwarki,
Jannat


Farin Dutse, Gwaram,
7 ga Oktoba

Ƙanwata Jannat,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, an fara yankan gero, kowa yana gona. Allah ya sa aikin sunan ya yi kyau, ki rubuto mini yadda aka yi, kada ki rage komai.

Hotuna sun iso. Tun ranar gidanmu bai rabu da mutane ba. Baffa ya ɗauki na Wule ya sa a leda, yana aljihunsa duk inda ya je, har masallaci. Maƙwabta biyu sun ce in tambaye ki ko za ki yi wa nasu bijiman. Baffa kuwa nasa hoton ya ce bai yi kama da shi ba, wai kamar wanda aka kama da laifi. Ni na daɗe ina neman kaina a idon Wule, a takardar ban gani sosai ba, sai ɗan ɗigo fari da nake jin ƙwaryar ce. In kin dawo ki koya mini yadda ake sa baya ya narke.

Na kai wa Dada su duka a kan faifai, ta fito bakin ƙofa inda haske yake, ta riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya tana kai su kusa da ido. Nata ta kalla ta ce ashe haka ta tsufa ba wanda ya faɗa mata, ta miƙo mini ta ce in ajiye wa yarana. Na Wule ta ce ya yi kyau, ta mayar. Da ta zo kan karkataccen nan nawa, wanda kike dariya da rabin ɗankwali, sai ta riƙe shi ta ƙi ajiyewa. Na ce mata wannan ai shi ne lalataccen, ta zaɓi mai kyau in sa mata a bango.

Ta ce: "Saniyar kullum ina ganinta. Wannan ce ba na gani."

Ta naɗe shi a ƙyalle ta sa a ƙarƙashin matashinta. Yau da safe na shiga kai mata nono na tarar ta fito da shi tana kallo.

Addarki,
Hapsatu